Ranar da Aka Lulluɓe Bijimi da Jiƙaƙƙen Buhu

Duk sati sai wani matashi ya shigo shagona da 'yar takarda a hannu, ya kwafo lambobi a wani wuri, ya ce, "Kawu Sale, tsakanin wannan furosesa ta kwamfuta da wannan, wacce ta fi?" In na ce masa me za ka yi da ita, sai ya tsaya yana kallona kamar na tambaye shi sunan kakar kakarsa. Shi a wurinsa an gama magana tun a kan takarda: wadda lambarta ta fi yawa ita ce gaba. To na gaji da ba ku amsa a tsaye. Ga ta nan a rubuce, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa, ya je can inuwa ya karanta, ya bar ni in yi aikina. Rubutun ba na 'yan boko ba ne. Aji huɗu na yi aka cire ni aka kai ni gona, sai ku karɓe shi yadda ya zo.

Ni ba da kwamfuta na fara ba. Injin ban-ruwa na fara kwancewa, a bakin kanal, ƙafata cikin taɓo, mai gona yana tsaye a kaina yana nuna mini fangalin da ya bushe. Daga nan na koma rediyo da kaset, ina gasa ƙarfen liƙin dalma a kan gawayi saboda babu wuta. Sai da na haura talatin da biyar na ga gyaran rediyo yana mutuwa a hannuna, mutane sun gwammace su yar su sayi sabuwa, sannan na tattara na shiga Kano wajen wani mai gyaran kwamfuta. Na ba shi shekara goma a haihuwa, amma Oga nake ce masa, kuma ni nake share shagon. Wata shida bai bar ni na taɓa komai ba sai burushi. In buɗe akwati, in goge ƙura, in rufe. Ranar da na yi ƙorafi ya ɗauko wata furosesa, abin da muke ce wa ƙwaƙwalwa, 'yar falle kamar biskit, ya juya ta ya nuna mini 'yan ƙafafun da ke bayanta, sirara kamar gemun masara. Ya ce, "Sale, hannunka na injin ban-ruwa ne. Ka saba in abu ya ƙi shiga ka buga. Wannan in ka lanƙwasa ƙafa ɗaya, ka gama da ita." Gaskiyarsa ce. Ta farko da ya ba ni in saka, uku na lanƙwasa. Yini guda na yi da allura da tabarau na aro ina miƙe su, shi kuma yana cin gyaɗa yana kallona.

Kayan aikina a lokacin ba su cika leda ba. Sukuddireba biyu, mitar gwada wuta, burushin fenti, allura, sai wani farin mai a 'yar sirinji wanda ake shafa wa ƙwaƙwalwa kafin a ɗora mata fanka, don zafinta ya wuce cikin ƙarfe. Wannan farin man ya ja mini magana. Wani mai shagon buga takardu daga Garun Malam ya taɓa tsayawa a kaina ina shafawa, ya koma gida ya ji tasa tana zafi, ya buɗe ya matsa mata man goge baki. Bayan sati biyu ya kawo ta a bayan babur tana ƙamshin na'a-na'a, man ya bushe ya zama kamar alli, ita kuma ta tafi. Ya ce mini, "Ai shi ma fari ne." Na ce masa nono ma fari ne, me ya hana ka zuba mata?

Da na dawo Kura na buɗe shago a layin masu casar shinkafa, rufin kwano, ba silin, taga ɗaya. Abin da ke ciyar da shagon ba gyara ba ne, kwamfutocin garin duka ba su kai a rayu a kansu ba. Bidiyo ne. Biki, suna, saukar karatu, dawowar alhazai: a ɗauka a kaset, in zuba a kwamfuta, in yanke, in haɗa, in mayar faifai. A cikin wannan aikin akwai wurin da mutum ba shi da abin yi sai jira, wato lokacin da na'ura take juya hoton zuwa irin wanda faifai yake karɓa. Mu dafuwa muke ce masa. Ka ɗora tukunya, ka zauna. In wuta ta ɗauke saura ƙiris ta nuna, ka koma farko, babu ɗumame. Ga mai biki a ƙofa da 'yan uwansa, sun zo tun daga Bunkure, sun yi alkawarin kallo bayan la'asar. A nan ake sanin ƙwaƙwalwa, ba a jikin kwali ba.

Shagon namu ne mu biyu, ni da Malam Tukur, taubashina, ɗan ƙanwar babana, malamin firamare. Tun muna yara ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba, har da wanda ya fi wani tsawo. Da za mu sayi na'urar aikin bidiyo, shi ya ce sabuwa, ni na ce tsohuwa, aka kasa daidaita mu, kowa ya sayi tasa, muka jera su a tebur ɗaya.

Tasa sabuwa ce fil, haɗin kasuwa, irin mai araha da ake haɗa wa ɗalibai da ƙananan ofisoshi. Ƙwaƙwalwa ɗaya, lambar gudunta biyu da ɗigo shida, an liƙa a gaban akwatin da manyan baƙaƙe. Ba ta da nauyi, da hannu ɗaya kake ɗaukarta. Na sa mata suna Amarya. Tawa kuwa gwanjo ce ta ƙasar waje, irin wadda masu zanen gine-gine suke aiki da ita a can kafin su gaji su yar. Ta girmi Amarya da shekara uku ko huɗu. Ƙwaƙwalwa biyu ne a cikinta, kowacce ɗaya da ɗigo takwas. Mutum biyu suka sauke ta daga mota, ɗayan yana tambaya ko injin niƙa ne. Tukur ya sa mata Bijimi, sunan ya bi ta, har muka koma ce mata "shi".

"Sale, ko ba komai ka yi aji huɗu," in ji Tukur. "Biyu da ɗigo shida, da ɗaya da ɗigo takwas, wanne ya fi? Ko in kira maka 'yan aji biyu su taya ka?"

Na ce, "Malam, kai da ba ka taɓa ba gona ruwa ba, sai dai ka ba yara aikin gida, zauna in koya maka."

Abin da na gaya masa shi zan gaya muku. Lambar nan da kuke gani saurin juyawar inji ce kawai. Ku je bakin kanal ku ga injin da yake ihu kamar zai tashi sama, amma mesarsa siririya ce, ruwan da yake fitarwa bai kai na wani tsoho mai tafiya a hankali da faffaɗar mesa ba. Kowace ƙwaƙwalwa tana da wata 'yar ma'ajiya a jikinta inda take tara abin da za ta yi aiki da shi nan kusa, kamar ramin da ake tara ruwa a bakin gona kafin a raba wa fangali. Ta Amarya an rage ta, shi ya sa ta yi araha. Ta juya sau biyu, ruwa ya ƙare, ta tsaya jira. Ta Bijimi ta ninka tata sau huɗu, kuma su biyu ne, kamar ka jefa inji biyu a kanal ɗaya.

Tukur bai yarda ba, don haka muka yi abin da ake yi a nan in masu inji biyu sun yi gardama: a jera su, a tayar lokaci ɗaya, a ga wanda zai fara cika fangali. Muka zuba musu bidiyon suna ɗaya, na gidan wani mai albasa, masu shagunan layin suka taru a ƙofa. Bijimi ya sauke tukunyarsa, na je na yi la'asar, na sha shayi, na dawo, Amarya tana nan tana jan ƙafa. Ninki biyu da ɗoriya ta ɗauka. Sati guda in Tukur ya shigo ba ya kallon gefena.

To kada wani ya tsaya a nan ya naɗe takarda ya ce Kawu Sale ya ce tsohuwa ta fi. Ban gama ba, kuma wannan gaggawar ita ce ciwonku.

A cikin masu kallon ranar akwai wani mai rubuta wa mutane takardun neman aiki a Bunkure. Bai tambaye ni komai ba. Ya shiga Kano ya ce a ba shi wadda ta fi kowacce nauyi, ya ɗaga biyu ya zaɓi wadda ta fi ƙarya masa baya, kamar mai sayen rago. Ya kai gida, janaretansa ya ƙi ɗauka. Da ya samu wutar ma, sai ya ga a buga takarda babu abin da ta fi Amarya da shi, don rubuta wasiƙa ba ya buƙatar inji biyu, ko guga ya isa. Ya dawo yana ce mini na cuce shi. Ni da ban san ma ya tafi ba.

Bijimi ci gare shi. Ƙaramin janaretanmu, irin wanda kowane mai shago yake da shi, in na kunna Amarya da talabijin ɗinta har da fanka, ɗauka yake yana waƙa. In na kunna Bijimi sai ya yi tari, ya durƙusa, ya mutu. Wutar gari kuwa baƙuwa ce, in ta zo da safe ba ta kai hantsi. Dole na roƙi Alhaji mai injin casa na bayanmu ya bar ni in ja waya daga babban janaretansa. Ma'ana Bijimi ba ya aiki sai ana casa. In shinkafa ta ƙare, ko bel ya tsinke, ko Alhaji ya tafi ɗaurin aure, ni ma na tashi. Ga zafi. Fanka biyar ne a cikinsa, yana huci ta baya kamar bakin tanda, da bazara in ka zauna kusa da shi rigarka sai ta manne a jiki. Ga ƙurar dusa da yake zuƙa daga injin, duk Juma'a sai na buɗe shi na share. Sannan kayansa ba irin na kowa ba ne. Rumbun ajiyarsa mai wani faffaɗan baki ne wanda ba ya shiga kowace na'ura a garin nan, gidan wutarsa ma daban. Na Amarya kuwa ko a teburin bakin titi a Kano ka samu.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda mai ya yi wahala, zafi kuma ya zo da wuri. Bukukuwa suka ragu, masu casa suna aiki rabin yini. A cikin wannan bazarar gefen kanal ɗin da ke ba sashenmu ruwa ya ɓalle. Ba babban ba, reshe ne, amma gonaki da yawa suna sha daga gare shi, har da ta gidanmu da ta Gwaggo, mahaifiyar Tukur. Ruwa ya bi ta ɓarakar ya tafi cikin wani kwari, na ƙasa suka zauna babu ko ɗigo. Tumatir yana fure, albasa ta fara ɗaura kai. Manoma suka cika buhuna da ƙasa suka toshe, ruwa ya kwashe. Aikin siminti ne da katafila, ba na hannu ba. An rubuta takarda sau uku zuwa ofishin da ke kula da ruwan, shiru.

Baba Ado shi ne shugaban manoman sashen. Dattijo ne, ya haura saba'in, abokin mahaifina, kuma shi ya karɓa mini aure. Ku riƙe wannan, don da shi za ku gane abin da ya hana ni buɗe baki daga baya. Ya samo alkawari ta hannun wani: babban jami'in zai gan su ranar Alhamis ƙarfe uku a Kano, na ɗan lokaci kaɗan, kuma Juma'a zai tafi kwas na wata biyu. In ba a sa hannu ranar ba, sai dai a yi maganar baɗi. Wanda ya haɗa su ya ce kada su zo da takarda, takarda ta cika masa tebur. Su zo da hoto a faifai, akwai na'urar kallo a ofishin, kuma a bar masa faifan ya tura sama.

Talata na bi su da kyamara. Kaset uku na cika, don kowane manomi sai an ɗauki gonarsa, kuma kowa sai ya yi jawabi. Jawabin kuwa rabinsa zagi ne. Baba Ado da kansa ya tsaya a bakin ɓarakar ya zage mutanen ofishin nan tas, tun daga mai gadi har wanda ba a taɓa gani ba. Ba yadda za a yi a kai wannan gaban mutumin da ake roƙo. Laraba na yini a kan Bijimi ina tsince zagi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, na fitar da minti goma sha biyu masu tsabta. Kafin in ɗora dafuwa aka kashe injin casa. Na ce ba komai, gobe da safe, Bijimi ba zai wuce minti arba'in ba.

Alhamis ƙarfe takwas aka tayar da inji, na ɗora. Baba Ado ya riga ni zuwa, ya sa babbar riga, ya zauna a benci kusa da tebur. Zafi ya fara tun da safe. Ya kai hannu bayan Bijimi, ya janye da sauri.

"Kai Sale, wannan abu lafiya yake kuwa?"

"Haka yake, Baba. Zafi ne dai ba sa so, shi yake kashe su."

Wannan maganar ni na faɗe ta da bakina, ba wanda ya matsa mini. Sai na duba na ga faifan da ya rage mini guda ɗaya ne, kuma ya karce. Na ce, "Baba, bari in karɓo faifai a bakin tasha. Kada a bar kowa ya taɓa komai."

Ya ce, "Je ka, ɗana, ina nan."

Kun san yadda ake yi wa kayan gwari in an ɗebo su da rana. Latas, alayyahu, kwandon tumatir da ke jiran mota: a tsoma buhun algarara a ruwa a lulluɓa. Haka ake yi wa randa, haka ake yi wa jarkar ruwa a gona. Shekara sittin Baba Ado yana yin haka, bai taɓa ganin abin da ya lalace ba.

Minti ashirin na yi. Tun daga bakin layi na ji injin casa ya yi shiru, na ji Alhaji yana faɗa. Na shiga shago, ƙauri ya tare ni. Bijimi yana lulluɓe ruf da buhu, har da na biyu a kai don ya ji daɗi sosai, ruwa yana ɗiga ta gefen tebur. Buhun ya toshe inda yake shaƙa da inda yake huci, ruwan kuma ya gangara cikin gidan wuta. Baba Ado yana tsaye da bokiti.

"Yauwa, gara da ka zo. Ina rufe shi ya ɗan lafa, sai kuma ya yi wata ƙara. Ina jin zazzaɓin ya riga ya ci ƙarfinsa."

Mutumin da ya karɓa mini aure. Da ɗaya daga cikinku ne da sai an riƙe ni. Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba." Na zagaya bayan shago na tsaya ina kallon bango har numfashina ya dawo. A nan Alhaji ya same ni, ya ce tartsatsin da Bijimi ya yi ya tsayar masa da inji ana tsakiyar casa, ya cire wayata, kuma kada in sake kawo ta.

Ƙarfe tara saura. Mota sai ta tashi ɗaya da rabi in ana so a isa. Aikin jiya duka yana cikin rumbun Bijimi, rumbun da ba ya shiga ko'ina. Na aika aka kira Tukur daga makaranta. Ya shigo, ya dubi buhu, ya dubi Baba Ado, ya dube ni. Na ga dariya tana hawa masa wuya yana haɗiye ta saboda dattijo.

"Allah ya ji ƙan Bijimi," ya ce a hankali, kusa da kunnena. "An yi masa wanka, saura sallah."

"Tukur, ba yau ba."

"A'a, ni ta'aziyya na zo. In ba haka ba me za a nema a wurin mai siririyar mesa?"

"Albasar Gwaggo ma a kanal ɗin nan take sha."

Ya daina. Ya cire hula ya ajiye, ya ce me za a yi.

Na ciro katin da ke karɓar hoto daga kyamara a cikin Bijimi, na goge, na duba da mita. Allah ya taimaka ruwa bai kai gare shi ba. Na sa wa Amarya, ta yi gardama, ta karɓa. Muka tayar da ƙaramin janareta. Mai bai kai rabin tanki ba, gidan mai kuma layi ne har ya sha kwana. Tukur ya jawo babur ɗinsa, ya zuƙo mai da mesa, ya tofar, ya zage ni, ya sake zuƙa.

Abin da ya cece ni shi ne na san kaset ɗin nan uku kamar yunwar cikina. Ban zuba duka ba, wuraren da nake so kawai na bi ina ɗauka. Amarya tana karɓa tana sarƙewa, hoto yana tsalle, na rage masa girma ta samu ta numfasa. Na rufe duk wani abu da ke aiki a cikinta, ko agogon da ke kusurwar talabijin ɗinta da na iya da na kashe. Sha ɗaya da kwata na gama haɗawa, sai wuri ɗaya. Inda ɓarakar ta fi fitowa, inda ake ganin ruwa yana tafiya kwari, nan ne Baba Ado yake tsaye a gaba yana zagi. Jiya awa guda na yi ina yanka wurin ina liƙa muryar wani. Yau babu wannan lokacin. Na kashe sautin wurin gaba ɗaya, na bar hoton, na ɗora tukunya.

Ta nuna awa biyu da minti biyar.

Ban taɓa zaman awa biyu irin wannan ba. Manoma suka cika ƙofar shago suka toshe iska, na kore su, suka dawo. Kowa saura nawa, saura nawa. Wani ya ce a ƙara wa janareta wuta ko za ta yi sauri. Na ce duk wanda ya taɓa janaretan nan sai dai mai gari ya raba mu. Na cire murfin gefen Amarya, na zaunar da Tukur da maficin kaba yana yi mata fifita. Malamin makaranta guda, yana fifita yana cewa, "A hankali, 'yar albarka, kada ki kula su. Jiya ma zaginki suke."

Wajen sha biyu da rabi na juya, na ga Baba Ado ya sunkuya yana matse buhu a bokiti.

"Ita ma wannan na ji ta fara ɗumi."

Na tashi na karɓi bokitin da hannu biyu, da ladabi, na ce, "Baba, bari in sake maka ruwa, wannan ya yi datti." Na fita da shi na kife a kwata, na dawo na ninke buhunan biyu na zauna a kai. Wandona ya jiƙe har ciki, ban motsa ba har aka gama.

Ɗaya da minti ashirin ta sauke. Na buga faifai, na ruga na gwada a na'urar kallo ta mai shayi. Hoton ba shi da kyan na Bijimi, fuskoki sun ɗan dushe, amma ɓaraka ta fito, busasshen fangali ya fito, furen tumatir da ya zube ya fito. Man da ya rage a janareta bai cika kofin shayi ba.

Ban bi su ba. Tukur ne ya bi su saboda yana jin Turanci, shi ya ba ni labari. Jami'in ya yi ta kallo har aka zo wurin da babu sauti. Ga Baba Ado ya cika talabijin, yana nuna sama, yana nuna ƙasa, yana buga sanda, jijiyar wuya a tashe, baki yana motsi, amma tsit. Mutumin ya tsayar da faifan ya ce, "Baba, a nan me kake cewa?"

Baba Ado ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Addu'a nake muku, ranka ya daɗe."

Tukur ya ce mutumin ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "To, Allah ya sa ba a amsa ba tukuna." Ya jawo takarda ya sa hannu.

Katafila ta zo bayan kwana tara. Tumatirin da ke can ƙarshen reshe bai jira ba, ya tafi, har da namu. Albasa ta tsira, da ta Gwaggo, da yawancin gonakin tsakiya.

Bijimi na kwance shi ɗai-ɗai na shanya kwana uku. Wata biyu ina yawo a Kano kafin in samu gidan wuta irin nasa. Ya tashi, amma da ƙwaƙwalwa ɗaya, gurbin ɗayar ya ƙone. Da ɗayar ma, in aka jera su a dafuwa, kafaɗa da kafaɗa yake da Amarya, kuma ku lura, ɗaya da ɗigo takwas ne fa a gaban biyu da ɗigo shida. Sai dai ina amfanin? Alhaji ya ƙi mayar mini da waya, ƙaramin janareta kuma har gobe ba ya ɗaukarsa. Ya koma ƙarƙashin tebur, masu jiran faifai suna ɗora ƙafa a kansa. Shekara biyu na yi ina cin abinci da Amarya, kuma babu ranar da Tukur bai shigo ya gaishe da "Bijimi mai ƙaho ɗaya" kafin ya gaishe ni ba.

Baba Ado kuwa har Allah ya yi masa rasuwa yana ba da labari a majalisa, cewa na'urar Sale ta kamu da zazzaɓi ranar tafiya Kano, shi ya yi iya ƙoƙarinsa, amma an makara. Ban taɓa gyara masa ba.

To ga amsarku. In ƙarfi kuke tambaya, Bijimi ne, ko yau aka sake jera su da ƙahonsa biyu. In wadda ta kai faifai Kano kuke tambaya, Amarya ce. Kafin ka zo mini da 'yar takardarka, ka san aikin da za ka ba ta, ka san wutar da kake da ita. Sannan ka san wanda zai zauna kusa da ita in ka fita karɓo faifai, don wannan babu kwalin da aka rubuta shi a jiki. Kuma in ka shigo shagona ka ajiye ledar ruwa a kan tebur na daka maka tsawa, kada ka fita kana cewa tsufa ne ya kama Kawu Sale.